Tayoyin Baya Biyu

Da hantsi mai garejin ya shigo caji ofis, hannuwansa duk baƙin mai.

"Ranka ya daɗe, an yi mini sata. Makullin difa, sabo fil a kwalinsa. Na wani kamfanin katako ne, jibi za su zo a ɗaura musu."

Sufeto ya ture shayinsa. "Yi mini Hausa, malam. Mene ne shi?"

"Ƙarfe ne da ake sawa tsakanin tayoyin baya. In mota ta shiga taɓo, taya ɗaya ke ta juyawa a banza, ɗayar na barci. Shi ke haɗe su su ja tare."

A garejin, Sufeto ya duba kwaɗon sito. Ko ƙwarzane babu. A kan kanta makullai biyu na nan, na iska da mai kama kansa, duk sun fi wanda aka ɗauka tsada. Ga kuma manyan tayoyi masu haƙora, ba a taɓa su ba.

"Ɓarawon nan ba kasuwa zai kai ba," in ji Sufeto. "Zaɓe ya yi. Wace irin mota wanda ya ɓata ke shiga?"

"Tsohuwar a-kori-kura. Na waya ne, da hannu ake jan sa."

"Wa ke da mabuɗi ban da kai?"

"Akwai ɗaya a gida, wurin maiɗakina."

Matar ta tarbe su a bakin ƙofa, tana ta murza gefen mayafi.

"Mabuɗin bai taɓa barin jakata ba."

"Wa ya zo gidan nan a makon nan?"

"Babu kowa."

Mijin ya dube ta. "Ƙaninki fa? Ba shi ya ci abincin rana da mu ba?"

Ta sunkuyar da kai.

Ƙanin nata direba ne, ana kiransa Sha-Taɓo. Yana zaune da mahaifiyarsu can bayan rafi, inda ruwan sama ya cinye hanya. Motar 'yan sanda ta kafe tun a gangare, sai da ƙafa Sufeto da Kofur ɗinsa da mai garejin suka ƙarasa. Sufeto ya tsuguna yana kallon sawun wata mota: layi biyu, zurfi ɗaya, sun haura tudun ba tare da sun tona rami ba.

Sun tarar da shi yana wanke a-kori-kurarsa.

"Yaya ka hau tudun can?"

"Gwaninta ce, ranka ya daɗe. Sai kuma taya mai kyau."

Sufeto ya shafa tayar. Sumul take kamar tafin hannu. Ya buɗe ƙofar direba, ga sabon mariƙi a gefen giya, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba.

Sha-Taɓo ya saki soson cikin bokiti.

"Ni na ɗauka, da mabuɗin da na zare a jakar Yayata. Ita ba ta sani ba sai daga baya. Inna ce ake wa wankin ƙoda a asibiti. Wancan makon muka kafe a rafi, taya ɗaya na ta kuka, a bayana na goya ta har bakin titi. Ta suma sau biyu. Na roƙi Yaya, mijinta, ya ce na mutane ne, in jira a yo odar wani. Ƙoda ba ta jira."

Mai garejin ya kau da fuska. "Ai ba ka ce mini ta suma ba."

Daga ɗaki wata raunanniyar murya ta tambayi su waye. "Baƙi ne, Inna," in ji Sha-Taɓo. "Zan raka su."

Kofur ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

"A kwance ƙarfen, ranka ya daɗe?" in ji Kofur. "Shaida ce."

"Shaida ce. A bar ta inda take, mun san wurinta. Yaushe za a koma asibiti?"

"Gobe da safe," in ji Sha-Taɓo.

Mai garejin ya miƙa hannu. Sha-Taɓo ya ɗora masa mabuɗin motar, ya bi Kofur. Ya yi nisa kaɗan, sai ya waiwayo.

"Yaya, in ka hau kwalta ka saki makullin. Kuma ka bi a hankali, bayanta na ciwo."