Fitilun da Hamman Ya Gani

A yammacin da abin ya fara, Hamman yana bakin garke yana ɗaure maruƙa. Rana ta faɗa bayan duwatsu, sanyin Jos ya soma shiga ƙashi. Bafulatani ne da ya gaji da yawo, ya kafa gida a bayan Rayfield, tsakanin filin saukar jirgi da ramukan da masu haƙar kuza suka bari cike da ruwa. Matarsa Hajjo tana hura wuta, autarsu Kulu tana wanke ƙoren nono. Babu abin da ya bambanta da jiya.

Sai shanu suka daina tuƙa. Gaba ɗaya suka ɗaga kai suka fuskanci gabas, shi ma ya bi su da kallo. A saman dutsen da injin kuza ya cinye rabinsa, ya ga wasu abubuwa masu haske, zagayayyu kamar faifai, suna tafiya a jere. Ba ƙara, ba hayaƙi. Sukan tsaya cik, su yi ƙasa, su sake tashi, kamar masu jiran wani da ya makara. Daga baya suka miƙe yamma suka ɓace, shiru ya rufe wurin.

Washegari ya ba wani mahauci labari a kasuwar Terminus. Da bai yi ba.

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai ofis. Saboda kusancin wurin da filin jirgi, gwamnati ta turo wani Bature mai jan ido, tare da Kofur Gyang, ɗan sanda ɗan ƙasar nan, wanda yake masa tafinta. Suka sa Hamman ya tsaya inda ya tsaya, ya nuna da sanda inda ya gani. Suka hau dutsen suka kafa turakun ƙarfe, suka ɗora wani madubin hangen nesa mai ƙafa uku, suka ajiye masu gadi da za su riƙa kallon sama kowace magariba. Hamman kuwa kullum sai an kira shi ofis. Tambayoyin ba sa canzawa. Girmansu fa? Launinsu fa? Yana shan burkutu? Ya taɓa ganin jirgi kusa? Wa ya ce ya faɗi haka? Ya amsa, a rubuta, gobe a sake tambaya. Yana zaune a benci tun hantsi har la'asar, shanunsa na can suna rama a hannun maƙwabta.

A gida kuma wani abu ya soma. Da an idar da sallar magariba, sai jifa a kan kwanon ɗakin Hajjo. Ba tsakuwa ba ce, baƙaƙen duwatsu ne masu nauyi, jiƙaƙƙu, kamar yanzu aka tsamo su daga ramin kuza. Hamman ya zagaya gidan da sanda bai ga kowa ba. Bayan jifa sai murya, ta tsohuwa, tana tari a bayan danga, tana kiran wani suna da ba na kowa ba ne a gidan. Nono ya riƙa tsinkewa tun kafin a kai shi gari. Karnuka suka daina kwana a tsakar gida.

"Malam, bakinka ne ya jawo mana," in ji Hajjo wata safiya. Ba da faɗa ta faɗa ba, ƙarfin faɗan ma ya ƙare mata.

"Abin da na gani na faɗa."

"To ga shi mun gani mu ma."

Sai abin ya kai ga Kulu. Ta je ɗebo ruwa da yamma ta dawo ba tulu. Ta zauna a bakin ƙofa ta fuskanci dutsen, ta ƙi ci, ta ƙi magana. In an kamo ta za a shigar ɗaki, sai a ji ta yi nauyi kamar turmi. Yarinyar da dariyarta ke kaiwa har garke, ga ta tana bushewa a gaban idonsu. Hamman ya kai ta asibiti, aka ba ta ruwan magani mai ɗaci, aka ce zazzaɓi ne. Ya dawo da ita, ya wuce ofis, don ranar ma an kira shi.

Wata mai sayen nonon Hajjo ce ta yi musu kwatancen Alfa Isiaka, wani malami ɗan Ilori da ke zaune a cikin gari. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, bai cika magana ba. Ya iso bayan la'asar a bayan keken wani, ya nemi ruwa ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa tabarma a gaban yarinyar. Ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Inuwa ta yi tsawo. Dutse ya faɗo kan kwano, wani ya biyo, Alfa bai ɗaga kai ba. Da ya tofa a ruwa ya yayyafa mata, sai Kulu ta yi wata irin ajiyar zuciya, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta namiji ce, dattijo, a gajiye.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Alfa.

"Sunana ba zai amfane ka ba. A dutsen can aka haife ni, tun ba a san kuza ba."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi komai ba. Ubanta ne." Kan Kulu ya juyo wajen Hamman, idanun ba nata ba. "Injinku ya rushe mana gida, ba mu ce uffan ba. Muka ɗaure kaya, muka kunna fitilu, muka kama hanya. Ni na tsaya ɗauko uwata, ta tsufa, ba ta iya sauri. Shi wannan ya gan mu, ya kai kasuwa. Kafin in fito da ita an kafa mana ƙarfe a bakin hanya, an zuba idanu a sama. Ba ma ƙetare ƙarfe, ba ma tafiya ana kallo. 'Yan'uwa sun yi nisa. Uwata na kwance cikin rami tana tari."

Hamman ya zauna a ƙasa. Hajjo ta rufe fuska da gyale.

"An zalunce ka," in ji Alfa, "amma kai ma ka yi zalunci. Ka fita."

"In fita in je ina? Jikinta da ɗumi. A ba ni idon da ya gan mu, in bar ta."

"Ba za a ba ka ido ba."

"To harshen da ya faɗa."

"Shi ma ba naka ba ne. Allah ne ya ba shi. Hanya kake nema, ka roƙi hanya."

Can bayan danga tarin nan ya sake tashi, a raunane.

"A cire ƙarfen," in ji muryar. "A kwashe masu kallo. Ranar da za mu wuce, kowa a gidan nan ya shiga ɗaki."

"Za a yi. Amma yanzu za ka fita, ba sai an cire ba."

"In ya saɓa fa?"

"Ni ne shaida a tsakaninku, Allah kuma yana ji."

Hamman ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Alfa ya ci gaba da karatu. Kulu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta kife a cinyar uwarta. Da ta farfaɗo sai ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Da Hamman ya rako Alfa bakin hanya, ya tambaye shi abin da ke cin ransa. "Alfa, ta yaya zan sa Bature ya cire abin da ya kafa? In ce masa ƙarya na yi?"

"Kada ka yi ƙarya. Ka faɗa masa abin da ka ji yau, kada ka rage komai."

Haka ya yi. Da safe ya je ofis ba a kira shi ba, ya tsaya gaban tebur ya zayyana komai: jifan, tarin, uwar da ba ta iya sauri. Kofur Gyang yana juyawa da Turanci, fuskarsa ba ta nuna komai. Akawu ya toshe baki yana dariya. Baturen bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Hamman, kamar wanda aka ƙwace wa wani abu, sannan ya murza idanunsa, ya ajiye alƙalami, ya yi magana gajeriya.

"Oga ya ce ka tafi gida, Baba," in ji Gyang. "Ya ce ba za a ƙara kiranka ba."

Kafin azahar labari ya zaga cewa Bafulatanin nan taɓaɓɓe ne, ya ɓata wa gwamnati lokaci a banza. Wasu gidajen suka daina karɓar nonon Hajjo. Hamman bai kare kansa ba, ba shi da sauran ƙarfin yin haka.

Da yamma Gyang ya zo da lebura biyu suka tuge turakun, suka naɗe madubin, aka kwashe masu gadin. Ya sallami leburorin, shi kuma ya biyo ta garke, ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"An cire duka, Baba. Na duba da kaina."

"Na gode, Kofur. Kai ma ka sha wahala da mu."

Gyang ya dubi dutsen, ya yi saurin kawar da kai. "Gonar kakata tana gindin wurin nan kafin a haƙe. Ranar da ka gani, ina kan keke zan koma bariki." Ya sa hularsa. "Ni ma na gani. Ni dai ina da yara ƙanana."

Ya hau kekensa ya tafi da sauri, don rana ta kusa faɗuwa. Hamman ya kira Hajjo da Kulu, suka shiga ɗaki, ya ja ƙofa.