Wanda Bai Tambayi Nawa Ba

Ƙarfe tara na safe aka buga wa Insfekta Rodel Pangilinan waya. An tsinci gawa a matattakalar baya ta wani gidan caca a Pasay, cikin yankin Manila, inda aka kwana uku ana gasar poka, wato cacar kati.

Mamacin Arnel Sumulong ne, mai raba kati. Daga sama aka tunkuɗo shi, wuya ya karye. A can saman akwai kofuna biyu na taho, wato awara mai laushi da zaƙi da ake sha da safe, an shanye ɗaya, ɗayan ko taɓa shi ba a yi ba.

Aling Luz, shugabar zauren, ta tare shi.

"Kada ka wahalar da kanka, Yallaɓai. Masu gadi sun riƙe mai laifin. Mang Temyong ne, wani tsoho cikin 'yan wasan. Jiya a gaban kowa ya ce sai ya karya wa Arnel wuya."

"Wanda ya ce zai karya miki wuya, kya zauna ki sha taho da shi?"

Ta kauce wa tambayar, ta ce, "Arnel ya nemi ganina yau kafin ƙarfe biyu. Bai faɗi dalili ba."

"Me ake yi ƙarfe biyu?"

"Teburin ƙarshe na gasar. Mutum tara suka rage."

Mang Temyong yana zaune a ofishin masu gadi, tsoho ne mai tabarau masu kauri.

"Baba, ka ce za ka kashe shi?"

"Na faɗa. Na faɗa wa surukina ma, yana nan yana cin shinkafata."

"Me ya haɗa ku?"

"Mu goma muka rage. Wanda ya faɗi, shi kaɗai zai rasa teburin ƙarshe. Aka buɗe katin ƙarshe, na tura ƙwandalolina na caca duka tsakiya. Burga ce. Bakwai da huɗu ke hannuna, ba su haɗu da komai cikin katunan da ke kan tebur ba."

"Sai aka bi ka, wani ya tura nasa."

"Boyet Lacsamana. Da goma da takwas! Shi ma bai haɗa komai ba, goman ce kawai ta fi bakwai ɗina. Ɗan abin da ya rage mini ya ƙare a rabo na gaba, na fita. Ɗana, shekara talatin ban yi burga a zauren nan ba, kowa ya sani. In na tura duka, mai kati mai kyau ma ajiyewa yake. Kuma da Boyet ya faɗi, shi zai fita. Wa ke sa ransa a kan goma?"

"Ina kujerarka?"

"Gefen mai rabawa." Tsohon ya taɓa tabaransa. "Sai na ɗaga kati kusa da fuska nake gani. Arnel na iya hango abin da ke hannuna."

A ɗakin na'urori Insfekta ya sa aka maimaita masa hoton bidiyon wasan jiya sau shida. Mang Temyong ya tura duka. Boyet bai dubi tsohon ba, bai dubi tulin ƙwandalolin ba. Idonsa yana kan Arnel. Arnel ya ɗan turo leɓe wajen tsakiyar tebur, yadda ake nuna wa baƙo hanya. Nan take Boyet ya tura nasa.

"Leɓe ba shaida ba ne," in ji Aling Luz. "Duk Manila da baki muke nuni."

"Na sani."

Agogo ya nuna ɗaya da rabi. In bai samu abin riƙewa ba, tsohon ne zai kwana a caji ofis.

Ya tarar da Boyet a teburin ƙarshe, shi kaɗai, yana jera ƙwandaloli. Ƙato ne, da sarƙar zinare a wuya. Insfekta ya zauna a kujerar mai rabawa.

"Ka san Arnel?"

"A tebur kawai. Allah ya ji ƙansa. Yallaɓai, a taƙaita, wasa zan shiga."

"Ni ban iya poka ba. Koya mini. In mutum ya tura duka, me kake fara yi?"

Boyet ya yi murmushi. "Ka tambayi nawa ne. A ƙirga maka. Ka auna abin da za ka ci da abin da za ka rasa, ka tuna yadda mutumin ke wasa. Sannan ka bi ko ka ajiye. Ko ɗan koyo ya san wannan."

"Jiya nawa Mang Temyong ya tura?"

"Wajen... dubu ɗari huɗu."

"Ɗari bakwai da sittin. Ya fi naka. Kwana uku, sau biyar aka tura maka duka. Sau huɗu ka sa aka ƙirga, har minti uku kana tunani. Jiya daƙiƙa biyu."

"Na karanci fuskarsa ne."

"Ba ka dube ta ba."

Hannun Boyet ya tsaya a kan ƙwandalolin.

Insfekta ya zaro farar ambulan daga aljihu, ya tura ta tsakiyar tebur.

"Arnel bai iya barci ba jiya. Abin da ya so faɗa wa Aling Luz, ya rubuta. Ga zaɓi. Ka faɗa da bakinka, alƙali ya ji cewa kai ka fara magana. Ko ka ce ƙarya nake, in buɗe a gaban shaidu, daga nan ba ruwana da bakinka."

Boyet ya zuba wa ambulan ido. Ya dubi Insfekta. Ya waiga gefe, kamar mai neman wanda zai turo masa leɓe. Babu kowa.

Zufa ta gangaro masa har kan sarƙa.

"Arnel ɗan ƙanwar mahaifiyata ne," ya ce, murya ƙasa. "Ni na sa shi. Da safe na sayo mana taho in lallashe shi, ya ƙi sha. Ya ce tsohon ne ya koya masa raba kati, ba zai iya haɗa ido da shi ba, zai tona. Na riƙo shi, ya fizge, na tura shi. Ban yi nufin..."

"Tashi."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi ta gaban mutum takwas da ke jiran kujerunsu.

Mang Temyong yana bakin ƙofa, an sake shi. Ya ji komai. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Me yaron ya rubuta a kaina?"

Insfekta ya miƙa masa ambulan. Tsohon ya buɗe, ya ɗaga ta kusa da fuska, ya juya ta ƙasa. Ba abin da ya faɗo.

"Bakwai da huɗu," in ji Mang Temyong. "Kai ma burga ka yi."