Takardun Rahma a Hannun Mahauta

Rahma ta dawo daga jami'a a Naraguta da la'asar, ta tarar an share ɗakinta fes. Ta leƙa ƙarƙashin gado, kwalinta ba ya nan.

Shekara biyu ke nan tana digiri na biyu a fannin tarihi. Duk tsohon da ya taɓa haƙar kuza a Jos sai da ta bi shi har gida, ta zauna tana rubuta maganarsa da hannunta. Duka aikin yana cikin kwalin nan, saura wata uku kuma ta miƙa kundinta.

Ta fito tsakar gida ta durƙusa gaban surukarta, Hajiya Hasiya, wadda tun farko karatun nan bai kwanta mata ba.

"Hajiya, ko kun ga wani kwali?"

"Wannan tarkacen? Na ba mahautan Abbatuwa su naɗe nama," in ji Hajiya, ko ɗago kai ba ta yi ba. "'Ya'yan mutane na karatun likita da lauya, ke kina bin tsofaffi kina jin tatsuniya. Wa zai ɗauke ki aiki da labarin matattu?"

"Akwai koyarwa, Hajiya, akwai gidan adana kayan tarihi, akwai..." Kuka ya ci ƙarfinta. Abin da ya fi ƙona mata rai, Baba Dachung, tsohon da ya fi kowa ba ta labari, ya rasu watan jiya.

Da mijinta Musaddiq ya dawo daga shagon ɗinkinsa, tun daga zaure Hajiya ta tare shi.

"Ko ta ajiye bokon nan, ko ta bar mini gida."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Hajiya. Alkawarin karatun nan na yi mata tun kafin aure, ba zan iya karya shi ba. Ke ma ba zan saɓa miki ba."

Kwana uku yana bin teburan mahauta ɗaya bayan ɗaya, suna yi masa dariya: "Oga, takarda ai ta bi nama." Ya dawo da shafi arba'in kacal, duk jini da maiƙo. Rahma ta karɓa tana hawaye, ta shanya su a rana. Jami'a ta ƙara mata shekara guda. Hajiya ta daina amsa gaisuwarta, amma ko sau ɗaya Rahma ba ta fasa gaishe ta da kai mata tuwo ba.

Wata Asabar da hantsi, suna tsakar gida, Hajiya na gefe, Rahma na karanta wa Musaddiq wani shafi yana kwafewa.

"Baba Dachung ya ce, shekarar da ramin kuza ya rufta, wani Bakatsine mai suna Tanimu Dogo ya koma ciki ya fito da mutum biyu. Da ya koma karo na uku, sai ƙasa..."

Kwanon hannun Hajiya ya faɗi.

"Tanimu Dogo kika ce? Mahaifina ne. Ina 'yar shekara shida ya fita aiki bai dawo ba. Aka ce mana gudu ya yi ya bar mu. Shekara hamsin ban yi masa addu'a da zuciya ɗaya ba. Karanta mini sauran, 'yar nan. Ina aka binne shi?"

Rahma ta juya takardar, bayanta fari ne.

"Sauran yana cikin waɗanda aka naɗe nama da su, Hajiya. Wanda ya faɗa kuma ya rasu."

Hajiya ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Rahma ce ta rungume ta.

Daga ranar Hajiya da kanta take raka Rahma gidajen tsofaffin ƙawayenta domin su ba ta labarin zamanin haƙar kuza. Rahma ta gama digirinta, ta samu aikin koyarwa, aurenta kuma ya zauna lafiya saboda haƙurinta. Kabarin Tanimu Dogo dai har Hajiya ta koma ga Allah ba a gano shi ba. Kada mutum ya wulaƙanta ilimin da bai sani ba, domin wataƙila amsar da ya daɗe yana nema tana cikinsa.