Hotuna Tara da Suka Lalace

A shagon buga hotunan da take aiki ta fara ganinsa. Mai gyaran tabarau ne a layin bayansu, ya kawo hoton wani jan gajimare a filashi. Ita kuwa ta zaci ɗige-ɗigen ciki datti ne, ta goge su tas kafin ta buga.

"Malama, ina taurarina?" ya tambaya. "Kwana shida na yi ina tara haskensu."

Kunya ta hana ta ɗago kai. Shi ko dariya ya yi, ya ce gajimare ne can nesa inda taurari ke samuwa, da kyamara da madubin hangen nesa yake ɗaukarsa. Tun ranar yake kiranta Magogiya.

Soyayya ta yi nisa, sai dai abu ɗaya. Lokaci-lokaci yakan ɓace mako guda, rana na faɗuwa ba kira, ba amsar saƙo.

Yayarta ta taɓe baki. "Wannan mujiyar taki akwai inda yake sauka. Wace sama ce ke hana namiji ɗaga waya?"

Baba ya ce, "Ba na ba da 'yata ga wanda ban san inda yake kwana ba."

Daren nan ta rubuta masa: "Idan kana da budurwa a can, ka faɗa min. Ba zan yi rigima ba."

Da safe amsa ta zo: "Magogiyata, bayan gari nake zuwa in babu farin wata, fitilun gari na kashe hoto. Yau zan kawo komai gida."

A falo ya buɗe kwamfuta. Hotuna ɗari huɗu, kowanne da ranarsa da lokacinsa.

"Kyamara ai da kanta take ɗauka," in ji Yaya. "Sai ka kafa ta, ka tafi yawonka."

Magogiya ta san gaskiya ne. Ta jawo kwamfutar, sai ta ga wasu hotuna tara a ware, haske ya wanke su fari fat. Ta duba lokutansu, ta ciro wayarta. Kowanne ya faɗa daidai mintin da ta tura masa saƙo.

"Me ya sami waɗannan?"

Ya sosa ƙeya. "Hasken waya ne. Na san yana ɓata hoto, amma in saƙonki ya shigo ba na iya haƙuri."

"To me ya hana ka amsawa?"

"Da yatsa ɗaya nake rubutu. Kafin in gama, hotuna goma sun lalace."

Baba ya karɓi wayar, ya bi lokutan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sannan ya dubi saurayin.

"Tara cif. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Yaya ce ta fi kowa kuka. Baba ya dafa kan 'yarsa, ya dubi angon.

"Kai kuma ka koyi amsa waya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya yi muku albarka."