Rigar Fergus

"Lachlan, ina ka samo rigar nan?"

Ishbel ta ɗago rigar sanyin daga ƙasan akwatin saurayinta. Saura kwana tara bikinsu, taya shi haɗa kaya kawai ta zo yi.

A ƙauyensu na gaɓar Scotland kowane gida da irin saƙarsa, don in teku ta dawo da gawa a gane ɗan wane ne. Wannan saƙar Mamanta ce. Rigar yayanta Fergus ce, wanda jirginsu mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya nutse wajen atisaye lokacin yaƙi, bai sake tasowa ba.

"Saya na yi... a kasuwa."

"Kasuwar ƙarƙashin teku?"

Dama ta daɗe tana zarginsa. Duk shekara in aka fita da kwalekwale ana kaɗa wa kowane mamaci ƙararrawa, sai ya raɓe a baya yana zare ido. Kuma shi ne mai rantsuwar bai taɓa aikin soja ba! Biri ya yi kama da mutum.

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"A gaban Mama za ka faɗa, in ba haka ba a fasa auren."

Son shi take kamar ranta, amma ta tasa shi gaba har gida. A gaban tsohuwar ya durƙusa.

"Mama, ni ya kamata in shiga jirgin. Zazzaɓi ya kayar da ni da safen, Fergus ya cire rigarsa ya rufa min, ya ce shi zai tsaya a madadina. Na zo garin nan in dawo miki da ita, sai na ga Ishbel... na kasa."

Hawaye ya wanke wa Ishbel fuska. Jira kawai take Mama ta nuna masa ƙofa.

Mama ta karɓi rigar ta shinshina.

"Ranar da ka fara sallama gidan nan na hango bakin hannun rigar nan ƙarƙashin kwat ɗinka. Shekara biyu ina jira ka faɗa da bakinka."

"Mama, kin sani?" Ishbel ta ce.

"Uwa za ta manta saƙarta?"

Ta gwada rigar a kafaɗunsa, ta jawo kwandon zarenta.

"Ta matse ka, ɗana, bari in buɗa ta. Bana kai za ka kaɗa wa Fergus ƙararrawa."