A Haɗa Ni da Margaret

Wata yarinya ce 'yar aji biyar. Sun tashi daga Dusuman, sun dawo cikin Maiduguri. Ba su daɗe da tarewa ba, mamanta ta raka Kaka asibitin ido a Alƙahira. Babanta busasshen kifi yake sayarwa a kasuwar Baga Road. Sai magariba yake dawowa.

In ta dawo daga makaranta, gidan shiru. Ta ci abinci ita kaɗai. Ta wanke kwano ɗaya da cokali ɗaya. Tana jin dariyar yara ta bayan katanga, amma kunya ta hana ta leƙawa.

A unguwarsu waya ba ta iya kiran bidiyo, sai ta yi ta yankewa. Shi ya sa Baba ya sa ɗan akwatin intanet a falo. Da shi suke ganin Mama duk ranar Juma'a.

Wata rana fitilar akwatin ta koma ja. Yarinyar ta ɗauko tsohuwar wayar da Baba ke bar mata. Ta kira lambar kamfanin da ke jikin akwatin.

Masu amsa wannan kira ba a Najeriya suke ba. Suna can wata ƙasa a ƙetaren teku, kuma ba su san darajar manya ba. Ni kaina, duk da daɗin Turancina, sun sha barina ina jin kiɗa har shayina ya huce. Ita kuwa nan take aka ɗauka. Ku ji son kai.

"Sunana Margaret," in ji wata mata da Turanci. "Yaya kike yau?"

Wannan tambaya ta aiki ce. Kowa ya kira sai an yi masa ita. Yarinyar ba ta san haka ba. A gidansu in babba ya gaishe ka, sai ka mayar da gaisuwa cikakkiya. Don haka ta gyara zama.

"Lafiya lau. Yaya gida? Yaya yara? Yaya zafi?"

Margaret ta yi dariya. "Tun safe ba wanda ya tambaye ni gida. Ruwa ake yi a nan. Ɗana yana wajen kakarsa."

"Ni ma mamata ba ta nan."

"Ayya, sannu. To cire akwatin daga wuta, ki ɗan jira, ki mayar."

Ta yi haka. Fitila ta koma koriya. Suka yi sallama, gidan ya sake yin shiru.

Washegari akwatin lafiyarsa lau. Duk da haka ta sake kira. Wani namiji ne ya ɗauka.

"A haɗa ni da Margaret," in ji ta.

"Muna da yawa a nan, ba zan iya haɗa ki da ita ba. Mece ce matsalar akwatinku?"

Ta kalli fitilar, koriya shar. Ta san in ta ce ba komai, zai kashe wayar.

"Ta koma ja," in ji ta.

Haka ta riƙa yi kullum. Yau wani, gobe wata, ba Margaret. Kowa sai ya tambayi matsala, ita kuma sai ta ƙirƙiro. Yau akwatin ya yi zafi. Gobe yana ƙara kamar gyare.

Ran wata Alhamis Baba ya dawo da wuri, ransa a ɓace.

"Kamfani sun rufe mana layi," in ji shi. "Wai akwatinmu ya lalace, sai mako mai zuwa za su kawo sabo. Kuma gobe za a kwance wa Kaka bandejin ido. Ta ce fuskarki take so ta fara gani."

Yarinyar ta kalli fitilar. Yau kam ja ce da gaske.

Baba ya kira kamfanin. Ya sha kiɗa, kamar yadda ake yi wa mutanen kirki. Da aka ɗauka, ya ce, "Wa ya gaya muku akwatina ya lalace?"

"Daga gidanka ake kira kullum, yallaɓai. Ka yi haƙuri, ba za mu iya buɗewa yau ba."

Baba ya ajiye wayar, ya juyo a hankali.

"Uwata, ke ce?"

Ta fashe da kuka. "Ni ce, Baba. Akwatin ba abin da ya same shi. Margaret nake nema."

"Wace ce Margaret?"

Ta faɗa masa komai. Sai Baba ya tambaye ta.

"Me ya hana ki gaya min gidan ya yi miki girma?"

"Kana dawowa a gajiye."

"Gajiyata ba ta kai ki ba. Ni ma da laifina. Amma ƙarya taki ce, ke za ki gyara. Gidan maƙwabcinmu Malam Obadiah suna da irin akwatin nan. Ki je ki roƙe su su bar mu mu ga Kaka da nasu gobe, kuma ki faɗi dalili yadda yake."

Ƙofar tana nan kusa. Ta yi sallama da ƙaramar murya. Salomi ce ta buɗe, 'yar ajinsu.

"Au, ashe kina magana? Mun ɗauka kin bar bakinki a Dusuman."

"Ke Salomi, bar ta ta shigo," in ji mamarta daga ciki. "Wushe, sannu da zuwa, 'yata. Lafiya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaskiya tun daga farko. Salomi ta yi dariya har ta dafa bango.

"Kin haye teku neman hira, ni ina bayan katanga?"

Yarinyar ma sai ta yi dariya, ga hawaye a fuska.

Ranar Juma'a bayan masallaci, ita da Baba suka zauna a falon Malam Obadiah. Waya ta yi ƙara. Ga Mama, ga Kaka tana ƙifta ido.

"Duk wannan wahala don in ga wannan hancin?" in ji Kaka. "Matso in gan ki da kyau. Wace ce wannan ta manne miki?"

"Ƙawata ce, Kaka. Sunanta Salomi."

Daga ranar tare suke tafiya makaranta, tare suke dawowa. Kamfanin ma ta kira da kanta, ta ba su haƙuri.

Yara, kada ku yi ƙarya don a kula da ku. Ƙarya takan raba ku da abin da kuka fi so. In kewa ta dame ku, ku gaya wa iyayenku, ku gaishe da maƙwabta. Ni ma maƙwabcin wasu ne, ina nan zaune ina jira.