Rushi a Rijiyar Gudiya

Yammacin wata Laraba ce a tsakiyar bazara, rana ta yi ja tana sauka a bayan gidajen Sabon Garin Jega. Lawali mahauci ya dawo daga kasuwa, ya ajiye wuƙaƙensa, ya zauna a kan turmin da aka kifa a tsakar gida yana wanke ƙafa. Matarsa Kyauta tana tuƙa tuwo. 'Yarsu Safara'u, mai shekara goma sha huɗu, tana kwashe shanya daga igiya. Babu abin da ya bambanta da jiya, in ban da awaki da suka ƙi shiga garke, suka cure a gindin katanga suna kallon ƙofa.

Ladan yana buɗe baki sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Lawali ya tashi da takalmi ɗaya, ya fita yana zagin iyayen da ba su iya tsawata wa 'ya'yansu ba, amma ya tarar da lungu wayam, ko kaza babu. Da ya dawo ya iske Kyauta ta tsinci dutsen tana juya shi a hannu. Jiƙe yake sharkaf, da sanyi, gansakuka ta lulluɓe gefensa guda. Wata biyar ke nan rabon garin da ɗigon ruwan sama. Suka dubi juna, kuma kafin a sallame salla wasu shida sun sake faɗowa.

Lawali ya san inda ake samun irin wannan dutse, domin kwana goma sha ɗaya da suka wuce shi ya binne wurin.

A tsakiyar lungunsu akwai wata tsohuwar rijiya da ake kira Rijiyar Gudiya, wadda kakan mijin wata tsohuwa mai suna Iyatu ya haƙa. Ruwanta garai-garai ne, ba ta taɓa ƙafewa ba. Shekara biyu da samun Jihar Kebbi, gari ya fara buɗewa, kowa yana maganar ci gaba kamar wani baƙo ne da zai sauka gobe. Aka kafa ƙungiyar unguwa, aka ba Lawali shugabanci saboda bakinsa da ƙarfin zuciyarsa. An kafa famfo a bakin titi, motocin albasa masu zuwa daga Aliero kuma suna neman hanyar da za su yanke zuwa kasuwa, rijiyar ce kaɗai ta tare lungun. Duk wanda ya ji hujjar Lawali sai ya gyaɗa kai, domin hujja ce mai kyau. Sai dai ba ita ce a ransa ba.

Yana ɗan shekara bakwai, a bakin wannan rijiya, Iyatu tana amarya a lokacin, ta fizge gugan uwarsa ta yi jifa da shi cikin taɓo. Ta ce gugan gidan mahauta ƙarni yake yi, in suna son ruwa su jira kowa ya gama. Mata suka yi dariya. Uwarsa ta ɗauki gugan ta juya gida, daga ranar kuma gulbi take zuwa da tulu, har ƙafafunta suka gaza. Shekara arba'in Lawali yana wucewa ta bakin rijiyar nan, bai taɓa shan ruwanta ba, bai kuma taɓa mantawa ba.

Ranar da aka yanke magana a zauren mai unguwa, Iyatu ta dogaro sandarta ta zo. Ba ta roƙi a bar rijiyar ba, ta san an gama. Abin da ta ce shi ne a yi kira, kamar yadda aka gada: kafin a binne tsohuwar rijiya, wani ya tsaya a bakinta magariba uku a jere, ya yi sallama, ya shaida wa mazauna ciki cewa za a rufe, su kwashe nasu su tashi. Bayan haka a cike ta da yashi mai sanyi. Abu ne da ba ya cin ko sisi, kuma da wani ne ya faɗa da Lawali ya yarda. Amma daga bakin Iyatu ya fito, don haka ya ce unguwa ba za ta tsaya tana neman izinin kwaɗi ba. Matasa suka yi dariya, dariyar da ya daɗe yana jiran a yi wa matar nan.

Ranar Asabar aka yi gayya. Ƙasar da aka kawo ba ta kai ko'ina ba, sai mahauta suka tuna da tarin tokar da ke bayan mayanka, inda suke babbaka kawuna da ƙafafu. Ba ta kuɗi ba ce, ga ta kusa. Babu wanda ya damu da cewa saman tarin na safiyar ranar ne, rushi ne da sauran wuta a cikinsa. Da aka juye baro na farko rijiyar ta yi wata irin ƙara, tururi ya taso fari fat, masu aiki suka ja da baya. Lawali ya karɓi baro da kansa ya ci gaba da juyewa, yana kallon ƙofar Iyatu, wadda take a rufe.

To, jifa bai tsaya ba. Kullum daga kiran magariba zuwa sallama, duwatsu bakwai, jiƙaƙƙu. A rana ta uku Kyauta ta buɗe randa ta ga toka tana yawo a saman ruwan, ta zubar ta wanke ta sake cikawa daga famfo, da ta waiwaya tokar ta dawo. A rana ta huɗu suka fara jin murya. Muryar mace ce, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kanta a cikin tulu, tana kiran wani suna da kunne ba ya iya riƙewa. Kira ne irin na uwar da yarinyarta ta yi nisa da gida. Kyauta ta yi kuka ta ce a nemi malami, Lawali ya ce maƙiya ne, waɗanda ba sa son unguwa ta ci gaba. Shi kansa bai yarda da abin da bakinsa yake faɗa ba.

A rana ta biyar, bayan la'asar, maƙwabta suka ga Safara'u a tsakiyar sabuwar hanya, daidai inda rijiyar take a da. Tana riƙe da guga, tana sakin igiya a hankali a kan busasshiyar ƙasa, igiyar tana taruwa a ƙafafunta. Wata motar albasa ta tsaya tana ta hon, yarinyar ko waiwaye. Da uban ya kamo hannunta ya ji shi zau kamar murfin tukunya. Ta ɗago ta dube shi, kuma wadda ta dube shi ba 'yarsa ba ce.

Tun daga lokacin ruwa bai sake wuce maƙogwaronta ba. In an kai kofi bakinta sai ta ƙwalla ƙara ta ce wuta ce. Aka gwada cokali, aka gwada tsumma jiƙaƙƙe, aka kira wata ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta ɗaura mata ƙarin ruwa, ruwan ya tsaya cak a leda ya ƙi sauka. Zafin bazarar Jega kuwa ba ya jiran kowa. A kwana biyu leɓunanta sun tsage, idanunta sun faɗa. Matar ta ja Lawali gefe ta gaya masa gaskiya, cewa yarinyar ba za ta kai jibi ba in ba ta sha ba. A nan ne girman kan shugaban ƙungiya ya ƙare. Ya hau babur ya nufi Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama, inda wani dattijo Malam Uba yake, wanda aka sani da irin wannan aiki.

Malam Uba ɗan siriri ne, ba ya son yawan magana. Sun iso ana la'asar. Ya ji labarin rijiya daga farko har ƙarshe, ya sa a kira Iyatu, sannan ya kafa wa Lawali sharaɗi guda: duk abin da zai ji, kada ya amsa, domin in mutum ya amsa musu da bakinsa magana ta ƙullu, malami ba shi da ikon kwance ta. Ya zauna a gefen tabarmar da Safara'u take kwance ya fara karatu a hankali. Inuwa ta tsallake tsakar gida ta hau katanga. Ɗakin ya yi tsit, sai muryar malam da numfashin yarinyar. Can rana ta kusa faɗuwa Safara'u ta tashi zaune, ita da ko kai ba ta iya ɗagawa.

"Ba ni hita, Malam," in ji wata tsohuwar murya daga bakinta. "Ka tambayi mahaucin ga mi yaz zuba muna."

Malam ya yi mata sallama, ya tambaye ta ko ita wace ce. Ta ce tun ranar da aka haƙa rijiyar suke ciki, ba su taɓa cutar da kowa ba. Yara uku sun faɗa a tsawon shekarun nan, kuma duk an fito da su da rai, unguwa ta ɗauka sa'a ce. Ta ce 'ya ɗaya gare ta, ƙarama, tana kwance a can ƙasa inda sanyi yake lokacin da wuta ta sauko.

"Da an kira sau guda, da mun tashi. Sau guda, Malam."

Malam ya ce an zalunce ta, babu musu, amma yarinyar nan ba ta tura baro ba, kuma Allah bai yarda a kama wani da laifin wani ba. Ya ce in ta ƙi fita zai ci gaba da karatu har ta ƙone. Bakin Safara'u ya yi murmushi, leɓen ya tsage jini ya fito.

"An riga an ƙone ni. Mi yar rage?"

Sai idanun suka juya kan Iyatu, wadda take rakuɓe a bakin ƙofa. Muryar ta ce ita ma ta sani. Magariba uku tana da ƙafa tana da baki, gidanta taku goma ne daga rijiyar, ba ta buƙatar izinin kowa ta yi kiran. Iyatu ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce gaskiya ne, da gangan ta yi shiru, don ta san abin da zai biyo baya kuma tana son ya faɗa a kan Lawali. Ba ta yi tunanin waɗanda ke ciki ba, ba ta yi tunanin yarinyar ba. Lawali ya dube ta, ya nemi ƙiyayyar da ya saba samu a ƙirjinsa, sai ya tarar da tsoro kawai.

Malam Uba bai bar maganar ta huce ba. Ya tambayi muryar abin da take so wanda ba rai ba. Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe ta ce a tone rijiyar har ƙasa ta ɗauki 'yarta, kuma hannun da ya zuba shi zai kwashe, ba gayya. Iyatu kuma ta yi kiran nan magariba uku, ko da yake babu sauran mai ji. Malam ya ce an yarda, ya nemi ta yi rantsuwa ta fita. Ladan yana fara kira a masallacin unguwa, muryar ta ce:

"Ƙishin ga da niɗ ɗora mata ba shi komawa da ni. Sai wani ya ɗauka."

Malam ya ɗaga hannu, ya buɗe baki zai ce wannan ba ya cikin sharaɗi. Lawali ya riga shi.

"Ni ka ɗauka. Ki sakam min ɗiya."

Malam ya runtse ido ya sauke hannunsa.

"Ba ni kashe ka," in ji muryar. "Za ka sha, shi wuce. Amma ba ka ƙara jin daɗin ruwa har ka koma ga Allah."

Safara'u ta yi atishawa sau uku, ta sulale a kan tabarma. Ba a yi jifa ba a wannan magaribar. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa." Kyauta ta kawo, yarinyar ta shanye kofi biyu ta nemi na uku. Lawali ya karɓi ragowar ya kai bakinsa. Toka ce, mai ɗumi, da ƙaurin gashin da aka babbaka.

Washegari ya ɗauki diga da kwando ya tsaya a tsakiyar hanyar da ya yi alfahari da ita. 'Yan ƙungiya suka zo da faɗa, ya ce su naɗa wani shugaban. Direbobi suka zage shi suka koma tsohuwar hanya. Iyatu ta yi kiranta magariba uku a bakin ramin, muryarta tana rawa, shi yana ciki yana haƙa. Kwana goma sha tara ya yi kafin ya kai ƙasa. Rijiyar ba ta kawo ruwa ba, ko danshi babu. Unguwa ta kewaye ta da bulo, hanya ta karkace ta gefe, ƙananan motoci kaɗai ke iya bi.

Safara'u ba ta tuna komai ba, kuma Lawali ya hana a gaya mata. Ranar da ya fito daga ramin a karo na ƙarshe, jikinsa fari fat, ta tarye shi da kwanon sha cike da ruwan randa, ta ce tun safe ta lulluɓe randar da buhu jiƙaƙƙe don ya yi masa sanyi. Ta tsaya tana kallon fuskarsa. Ya kafa kai ya shanye tas, bai bar ko ɗigo ba.

"Baba, ya yi daɗi?"

"Ya yi, ɗiyata," in ji shi. Ya miƙa mata kwanon ta ƙaro.